Takin Muntaka, Rabon Yaya

Litinin, 15 ga Afrilu, bayan La'asar

Yaya Sama'ilu ya kira. Minti arba'in muna magana, ko in ce yana magana. Ya yi ritaya ƙarshen watan jiya, bayan shekara talatin da bakwai yana aikin jirgin ƙasa a Ingila. Na ce alhamdu lillahi, yaushe za mu je Kano tarbarka? Sai ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci ya ce, "Hure, nemi wuri ki zauna tukuna."

Ba gida zai dawo ba. Malesiya zai koma da zama.

Ni da na shekara talatin ina koya wa yara taswirar duniya sai da na ce ya maimaita. Wai fanshonsa ba zai riƙe shi a Ingila ba, sanyi ya cinye masa gwiwoyi, likita ya ce ya nemi ƙasa mai zafi. Can kuwa, a faɗarsa, rayuwa da araha, ba a ɗauke wuta, asibiti a kusa, ga masallatai ko'ina. Ƙasa mai zafi! Ina riƙe da waya gumi na bin gadon bayana, awaki sun lafe a gindin katanga suna haki, mutum na gaya mini zai tsallake teku neman zafi.

Sannan ya zo kan abin da ya kira dominsa. Wai kafin su ba tsoho izinin zama sai ya nuna musu kuɗi ajiye a banki, nasa kuwa bai kai ba. Don haka a raba gonar Baba, a sayar da rabonsa. Har ya sami mai saye, Alhaji Basiru mai gidan kaji. Yana zaune a Ingila ya sami mai saye a Bici, ni da ke nan ko ƙishin-ƙishin ban ji ba.

Shekara goma sha tara da rasuwar Baba, ba wanda ya taɓa furta kalmar rabo a gidan nan. Ƙanenmu Muntaka ke noma ta, daga ita muke ci, ni da Inna da iyalinsa. Tun da mijina ya rasu na dawo gida, ban taɓa auna hatsi a kasuwa ba.

Ya ce ni zan gaya musu, wai na fi iya magana. Akwai wata maganar da ya yi daga ƙarshe. Ita kam ba zan rubuta ba.

Talata, 16 ga Afrilu, da hantsi

Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 17 ga Afrilu, bayan Azahar

Inna ta sa Mairo, matar Muntaka, ta kwashe tarkacen ɗakin da ke kusa da zaure, ta shafe shi da farar ƙasa. Tun da Yaya ya ce mata da Babbar Salla ya kusa ajiye aiki take wannan shiri. Ta kira ni ta ce, "Ke da ke riƙe da wayar, yayanku ya ce kafin ruwa ya sauka, ko sai bayan shuka?"

Na ce bai tsayar da rana ba.

Ta ce, "Gara kafin ruwa. Hanyar nan in ta jiƙe mota ba ta shigowa."

Na ce haka ne.

Shekarata sittin da biyu. Na riƙe makaranta mai yara ɗari bakwai, na taɓa tsayawa gaban sufeto na ce masa ƙarya yake yi. Yau ga ni gaban tsohuwa mai sanda ina "haka ne". Shi ya ƙulla abinsa, ni ya bari da kunya. Allah ya isa tsakanina da wayar nan.

Alhamis, 18 ga Afrilu, gab da Magariba

Muntaka ya fara kai taki.

Tun kaka yake tara shi a bayan gida: kashin awaki, tokar murhu, sharar tsakar gida, har jujin mutanen Bici ya je ya roƙa ya kwaso a amalanken aro. Bana buhun takin zamani ya fi ƙarfin irinmu, saboda haka tsibin nan shi ne tuwonmu na baɗi. Jaki ɗaya gare shi. In ya fita da sassafe yakan kai mangala goma sha biyu kafin rana ta faɗi. Ya ce daga gabas zai fara, wajen ɗorawa, don nan ƙasar ta fi gajiya.

Ya dawo fuska duk toka, na miƙa masa ruwa. Ya shanye ya ce, "Yaya Hure, in babban yaya ya zo ya ga dawar bana, sai ya manta da burodin Turawa." Ya yi dariya. Ni ma na yi.

A garin nan in za a raba gona ba a kai mata taki, sai kowa ya san inda rabonsa ya faɗa. Kowa ya san wannan. Ni ma na sani.

Asabar, 20 ga Afrilu, da rana tsaka

Yaya ya turo bidiyo. Bene mai hawa ashirin da wani abu, tafkin wanka shuɗi a tsakiya, bishiyoyin kwakwa, wata tsohuwa da hijabi tana tura keken jikanta a hanya mai tsabta. A ƙasa ya rubuta, "Kin gaya musu?" Na rubuta, "Tukuna."

Mu kwana tara ke nan ba wuta. Wayar ma sai na aika da ita shago a yi mata caji kafin in ga yadda wasu ke shan iska. Na kalli bidiyon sau uku don haushin ya kama ni da kyau. Na huɗun ban san dalilinsa ba.

Litinin, 22 ga Afrilu, bayan La'asar

Na je Bici kan maganar fansho. Kuɗin mota ya ninka tun da aka ƙara kuɗin mai, mu bakwai aka cusa a bayan mota ɗaya. A ofis an ce a dawo wani watan, za a sake tantancewa. Sau nawa za a tantance ni? Na gaya wa na kan teburin cewa ni na koya wa uwarsa karatu, ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya, ba daga nan ba ne." Wani tsohon malami da muka yi aiki tare yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, takalminsa ɗaure da waya. Ya ɓoye ƙafar da ya gan ni.

A hanyar tasha na bi ta shagon mai hoto. Guda huɗu, farin bango, an ce kar in yi murmushi. Ba a sha wahala da ni ba wajen wannan. Suna cikin littafin nan, a bangon baya.

Laraba, 24 ga Afrilu, da yamma

Jakin ya fara ɗingishi. Muntaka na taya shi da buhu a ka.

Juma'a, 26 ga Afrilu, bayan masallaci

Na yi niyya yau. Na shirya maganar tun safe, na san da kalmar da zan fara. Sai Muntaka ya shigo da mangwaro uku a aljihun rigarsa, ɗaya na Inna, ɗaya nawa, ɗaya na Mairo, ya ce saura kwana uku ya gama gefen gabas. Na karɓi mangwaron. Na sha.

Asabar, 27 ga Afrilu, bayan Azahar

An riga ni.

Mutum biyu suka zo a babur da ma'aunin awo, suka shiga gona suna ja daga ɗorawa zuwa gamba, Muntaka na tsaye da mangala a hannu. Ya tambaye su lafiya, suka ce Alhaji Basiru ne ya turo su su ga faɗin wurin da zai saya. Ya ce wa ya sayar? Suka ce mai gonar, na Ingila.

Ya shigo gida ko jakin bai ɗaure ba. Muntaka ba mai hayaniya ba ne, tun yana yaro in ransa ya ɓaci muryarsa ƙasa take yi. Ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Yaya Hure, kin san da wannan?"

Na ce e, Yaya ya kira ni.

"Yaushe?"

Na ce shekaranjiya.

Ya ce, "To, shekaranjiya ai kusan an riga an gama. Ba laifinki ba ne." Sai ya zauna a kan turmi, na ba shi labarin Malesiya da araharta da zafinta. Ya ce, "Ina ne wurin? Ya wuce Makka?" Na ce ya wuce. Ya ce, "Ikon Allah. Mu nan mun yi masa tsada ke nan."

Ya ce Inna kam ni zan gaya mata, shi ba zai iya ba.

Na ce shekaranjiya. Na rubuta a nan don in riƙa gani. Allah ya yafe mini.

Lahadi, 28 ga Afrilu, da hantsi

Na sami Inna tana tsince wake a faifai. Na zauna na faɗa mata duka, ban rage ba sai guda ɗaya. Hannunta bai tsaya ba. Da na gama ta ce, "To."

Can ta ce, "Ƙasar akwai Musulmi?"

Na ce su ne ma suka fi yawa.

"Akwai maƙabarta?"

Na ce dole akwai.

"Wa ya sani a can?"

Na ce wani abokin aikinsa ne ya riga shi tafiya.

Ta ce, "Abokin aiki." Ta ci gaba da tsintar wake. Na so ta yi kuka, ko ta yi faɗa, ko ta ce in kira shi ta wanke shi tas. Da ta yi, da na sami inda zan sauke nawa. Sai kawai ta ce a gaya wa mai unguwa da liman su sa rana, hakki ba a danne shi. Tuwon rana ya dawo yadda aka kai mata shi.

Talata, 30 ga Afrilu, bayan La'asar

Mun yi ta da Yaya. Ni na kira, da katina.

Na ce ka san Muntaka ya zuba takin shekara guda a gonar nan? Ya ce ai sai a biya shi. A biya shi! Kamar taki abu ne da ake shiga kanti a ce a ba ni. Na ce uwarka ta shafe maka ɗaki. Sai ya taso mini.

"Look, Hure, allurar ciwon sugana sai a firji take zama. Kwana nawa yanzu ba ku da wuta? In na faɗi a garin nan wa zai kai ni asibiti, kuma wanne? Abokina ya koma gida bara, wata biyar ya yi aka binne shi. Ke kanki wa ya ba ki fanshonki? Shekara talatin da bakwai ina tashi cikin sanyi. Rufin kwanon da ke kanki wa ya yi? Wa ya kai Inna Makka? Ban yi sata ba, gadon ubana nake nema."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya a ciki. Shi ya yi rufin, shi ya kai ta Makka, wutar kuma ba mu da ita. Na ce ka yi rufi, Muntaka ya cika cikin da ke ƙarƙashin rufin, shekara goma sha tara ba fashi. Na ce ko kunyar ido ba ka ji, ka zo ka faɗa mata da bakinka mana. Ya ce tikiti ya yi tsada. Na ce ashe mu ma ba mu da araha.

Kafin in kashe ya ce, "Ɗayar maganar fa? Kin yi hoton?" Na kashe.

Alhamis, 2 ga Mayu, da yamma

Matan unguwa sun fara zuwa gaida Inna bibbiyu, kamar an yi rasuwa. Kowacce sai ta leƙa ɗakin da aka shafe kafin ta fita. Ɗaya ta tambaye ni wai gaskiya ne a can tsofaffi kyauta ake ba su mata. Na ce ta je ta tambayi mijinta ko yana son adireshi.

Lahadi, 5 ga Mayu, bayan Azahar

Muntaka ya je Watari wajen abokinsa mai noman rani, ko za su haɗa ƙarfi su sayi rabon Yaya kar ya fita daga gida. Da ya dawo sai ya shiga duba ƙafar jaki. Na gane.

Bari in rubuta ɗayar maganar, na gaji da zagaye ta. Yaya ya ce in bi shi. Ya ce gidan da zai kama ɗaki biyu ne, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun zama Turawa, ba mai dafa masa tuwo. In na haɗa rabona da nasa aka sayar, kuɗin zai ishe mu mu biyu. Ya ce, "Ke ma kin yi wa ƙasar nan bauta, me ta ba ki?"

Ban ce to ba. Amma ban ce a'a ba. Kwana goma sha biyu ina juya abin a raina, ina ganin kaina a ɗaki mai fanka, ba layin tantancewa, ba hayaƙin murhu. In na buɗe baki na gaya wa Muntaka, dole in san amsata, ni kuma ban so in sani ba. Shi ya sa na tsaya ina miƙa masa ruwa yana kai taki.

Yanzu na san amsar. Ba inda za ni. Amma wa amsar ta amfana yanzu?

An sa ranar Asabar.

Asabar, 11 ga Mayu, bayan La'asar

An raba.

Da hantsi muka fita: mai unguwa, liman, dattawa biyu masu riƙe igiya, Alhaji Basiru a inuwar motarsa. Inna ta ce sai ta je. Muntaka ya goya ta daga bakin hanya zuwa gindin ɗorawa, aka shimfiɗa mata tabarma. Liman ya ce tunda mai rabo ɗaya ba ya nan, a kira shi ya ji da kunnensa. Ni na riƙe wayar, na buɗe murya kowa na ji.

Yaya ya gaida mutane da Hausarsa mai sanyi. Ya ce in da hali a ba shi ɓangaren rijiya. Dattawa suka dubi juna. Rijiyar ta rufta tun Baba na da rai.

Aka cire wa Inna tumuninta, kashi ɗaya cikin takwas, aka ja igiya, aka kafa turaku: kashi biyu na Yaya, biyu na Muntaka, ɗaya nawa. Aka karya kara uku aka yi ƙuri'a kamar yadda aka saba. Na yi ta addu'a a zuci. Gabas ta faɗa wa Yaya, ɗorawa da taki da komai. Muntaka ya sami yamma, inda ko mangala ɗaya bai kai ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, takina fa?"

Mai unguwa ya ce al'ada a fili take: takin da aka baza ya zama ƙasa, ya bi gona, wanda ke tsibi-tsibi na wanda ya kawo ne, in zai iya ya kwashe kafin ruwa. Alhaji Basiru ya ce shi kaji zai zuba, ba ruwansa da taki, a kwashe.

Da an tsaya nan da na gode Allah. Sai muryar Yaya ta fito daga tafin hannuna, tar, kowa na ji: "Hure, naki fa? A haɗa wa Alhaji gaba ɗaya ko? Ai tun sha biyar ga watan jiya muka yi maganar, na ce ki yi hoton fasfo mu tafi tare."

Ban san yadda aka yi ban yar da wayar ba. Na ce, "Ba na sayarwa! Ba inda za ni!" Na faɗa da ƙarfi har tsuntsaye suka tashi daga ɗorawa. Ba wanda ya dube ni sai Muntaka. Na ga yana lissafi da leɓɓansa. Ya fara kai taki ranar sha takwas.

Na ce wa liman a bar nawa haɗe da na Muntaka kamar da, a cire turken da ke tsakani. Muntaka ya ce, "A'a, Malam. A bar wa Malama turkenta. A gama yau."

Malama. Tun da ya iya magana Yaya Hure yake ce mini.

Liman ya juya wajen Inna ya tambaye ta ko ta yarda da rabon. Ta ce, "Na yarda. Ku ba Sama'ilu abinsa."

Ɗan farinta ne, shekara sittin da shida ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a bayan idonsa. "Yayanku" take cewa, ko "na Ingila". Yau ta faɗe shi a gaban maza, sarai, kamar sunan ɗan maƙwabta. Ta cikin wayar na ji ya ce, "Inna?" Ya sake cewa, "Inna?" Ta miƙa wa Muntaka hannu ta ce ya tashe ta, rana ta yi.

Lahadi, 12 ga Mayu, da hantsi

Na ƙona hotunan a murhu. Ba wanda ya gani, ba kuma wanda ya tambaya.

Litinin, 13 ga Mayu, gab da Magariba

Muntaka ya fara kwashe takinsa. Mutum mai shekara hamsin da biyar, tsugune a gonar ubansa da ta zama ta wani, yana tattara kashin awaki da tafin hannu yana zubawa a mangala. Iska ta riga ta baza rabin kowane tsibi. Masu wucewa kasuwa suna rage tafiya su kalla, su yi masa sannu, ya amsa bai ɗago ba. Jakin ya ƙi ɗaukar kaya, shi da Mairo ke yi a ka.

Na ɗauki daro na bi su. Ban taɓa ɗaukar taki a kaina ba, Baba ya ce ni 'yar boko ce. Na cika, na ɗora, ƙura na zubo mini a ido, na tsallaka har yamma. Zan juye a kan tsibinsa sai ya ɗaga hannu.

"Ga naki can, Malama. Zuba a naki."

Na ce, "Muntaka, don girman Allah."

Ya ce, "Kwana tara ina wucewa ta ƙofar ɗakinki da jaki. Har ruwa kike ba ni."

Ya juya ya koma gabas. Na tsaya da daro a ka, ban san inda zan sauke shi ba. Daga ƙarshe na zuba a nawa. Na koma na sake cikowa, na zuba a nasa da ya ba da baya. Ya gani, ya ci gaba da kwasa. Mairo ta kawar da kai.

Juma'a, 17 ga Mayu, bayan masallaci

Yaya ya kira sau shida tun Asabar. Na kai wa Inna wayar ta ce hannunta da aiki. Ba abin da ke hannunta. Ni ma ban ɗauka ba. Wuyana ya ƙi juyawa, amma na kai daro tara yau.

Har yanzu Mairo na kawo mini tuwo. Ban san ko Muntaka ya sani ba.

Litinin, 20 ga Mayu, bayan La'asar

Hadari ya taso daga gabas da Azahar, saura tsibi ashirin da wani abu ba a kwashe ba. Muka yi ta gudu da daro har ɗigon farko ya sauka. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muna tsaye a gindin ɗorawa muna kallo taki ya narke ya shige ƙasar da za a dasa wa bulo. Kajin Alhaji za su kwana a kan abincinmu.

Yara na ta murna a hanya. Ni ashar ne a bakina, na haɗiye.

Talata, 21 ga Mayu, da hantsi

Garin duk ya fita shuka. Na jira a ƙofar ɗaki ko Muntaka zai ce in ɗauko iri, kamar kowace shekara da nake bin bayansa ina zubawa a 'yan layukan farko don albarka. Na ji fitarsa da Mairo. Bai tsaya ba.

Da rana ta ɗaga na bi su. Ya shuke nasa, ya shuke na Inna, layi a miƙe kamar yadda Baba ya koya masa. Nawa na nan a tsakiya, jiƙaƙƙe, ba a sara ko rami ɗaya ba. Ƙasar da laushi, komai ya fito a kanta. Kowane layi ya zo daidai turkena ya tsaya.

Na daɗe ina duban inda sawunsa ya juya.